Jirgin da Aka Ce Na Goge wa Bauranya

Har gobe idan ka shiga Bauranya ka tambayi abin da ya hana jirgin ƙasa biyowa ta garin, ba za ka rasa wanda zai nuna maka hanyar Kusada da baki ba, ya ce wata fitsararriyar yarinya ce ta goge shi. To, ni ce yarinyar. Kuma bari in faɗa tun yanzu, don na gaji da maimaitawa: babu jirgi, ba a taɓa yin jirgi ba, ba kuma wanda ya taɓa cewa zai kawo jirgi. Abin da ya faru a waccan daminar ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Lokacin na gama sakandare, babu halin ci gaba. Mahaifina ya rasu tun ina ƙaramin aji. Ni da Inna da ƙannena muna zaune a Kusada, abin da ke riƙe da gidan kuwa gona ce guda ɗaya da Baba ya bar mana a Bauranya, jigawa mai son gyaɗa. Baffa, ƙanen mahaifina, shi ke zaune a can, shi ke da shanun huɗa, don haka shi ke noma mana ita. Da kaka a kawo gyaɗa, Inna ta ɓare, ta soya, a kai inji a markaɗa, ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli. Da wannan muke ci har wata kakar. Iri kuwa tun farko take ware shi, ta zuba a tukunya ta liƙe bakin da laka. Ko tuwo babu miya za mu ci, ba a taɓa wannan tukunya.

Zaman gida ya ishe ni, sai na shiga wani ajin koyon kwamfuta a Kankiya. Malaminmu mutum ne mai son jirgin ƙasa kamar a tasha aka binne cibiyarsa. Da muka iya buga rubutu, sai ya buɗe mana wata manhaja ta tsara layin dogo. Za ta nuna maka hoton ƙasa daga sama, ka ga gari, ka ga hanya, ka ga bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ka danna nan ta dasa tasha, ka danna can ta dasa wata, ka haɗa su da layi. Sai ka gaya mata gudun jirgi da daɗewar da zai yi a kowace tasha, ita kuma ta zana maka jadawali: lokaci a kwance, tashoshi a tsaye, kowane jirgi zare ɗaya ne da ya karkata. Idan zaren jirgin da ya taso daga wannan bakin ya gitta na wanda ya taso daga wancan, a wurin da babu tasha, sai wurin ya yi ja. Ma'ana ka haɗa jirage biyu goshi da goshi a kan layi ɗaya, dole ka samar musu inda ɗaya zai raɓe ɗaya ya wuce. Ni da ba ni da haƙurin tsince tsakuwa a shinkafa, sai ga ni ina wuni a kan wannan abu ko yunwa ba na ji.

Malam ya ce kowa ya tsara wa yankinsu layi, na gwaji kawai. Na ja nawa daga Sukuntuni zuwa Kankiya, na miƙa da shi Kusada ta Bauranya, na fitar da reshe zuwa Kunduru saboda masu hatsi da gyaɗa. Duk yadda na juya lokutan, ja ya yi ta fito mini a daidai Bauranya. Ina cikin matso da hoton sai ga tsamiyar da ke kan iyakar gonarmu. Na yi dariya ni kaɗai, na ce to jirgi ya tsaya a gonar Inna, ta riƙa miƙa wa fasinjoji ƙuli-ƙuli ta taga. Na dasa tasha a gindin tsamiyar, ja ya ɓace. Iyakar abin da na yi ke nan. Wanda ya ga laifi a ciki ya nuna mini.

Malam ya ce nawa ya fi na kowa, ya buga mini shi a babbar takarda mai launi, taswira a sama, jadawali a ƙasa. Inna ba ta karatun boko, amma tana gani ta ce, "Ikon Allah, ga tsamiyarmu!" Ta manna takardar a bango, saman jeren kwanukanta.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga Baffa ya zo karɓar iri kamar kowace shekara. Bayan gaisuwa ya miƙe ya tsaya a gaban takardar, ya ƙura mata ido.

"Uwata," in ji shi. Haka yake kirana idan yana son wani abu, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Wanga ba gonarmu ba ce?"

"Ita ce, Baffa."

"Wanga ɗigo da ke gindin tsamiya fa, mi ne ne?"

"Tasha ce. Amma ta wasa ce, aikin aji ne. Ni na zana da hannuna."

Ya dube ni ya yi wani irin murmushi, irin wanda ake yi wa yaron da ya ce ya ga zaki a bayan gida. "Ke kika zana. To madalla." Ya ciro waya ya ɗauki takardar hoto, ya yi sallama. Sai bayan ya tafi Inna ta lura bai ɗauki irin ba.

A lokacin ana aikin layin dogo na gaske ta wani ɓangaren jiharmu, kuma labarin diyya ya cika kasuwanni. Ana cewa idan layi ya bi ta gonarka, fili da shuka ba a bakin komai suke ba a wajen masu ƙiyasi, bishiya da gini su ake biya da tsoka. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, kuma na tabbata masu faɗa ma ba su sani ba.

Ruwan shuka ya sauka. Inna ta fasa lakar tukunya, ta juye irin a buhu, ta ce in kai wa Baffa tunda ya manta. Na isa Bauranya na wuce gona kai tsaye. Daga nesa na ɗauka na ɓata hanya. Rami ne a tsakiyar gonar, wanda zai haɗiye mutum a tsaye, ana haƙar ƙasa ana kwaɓawa. Katanga ta kai ƙirji, ga ɗaki ba rufi, ga wani an fara. Sauran filin an jera dashen mangwaro da dalbejiya, kowanne an kewaye shi da ƙaya. Shanun da ya kamata a ce suna huɗa, amalanke suke ja. Gonar da ke maƙwabtaka da mu ma haka, ta gaba ma haka, duk inda jan layina ya bi a hoton nan.

Na dire buhun. "Baffa, ina za a shuka gyaɗar?"

"Wace gyaɗa? Kafin ta yi fure katafila ta iso. Mi ya sa za mu zuba iri a bakin katafila?"

"Baffa, babu jirgi! Na gaya maka aikin aji ne!"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Na gane, Uwata. Haka aka ce ki riƙa cewa. Ba zan tona maki asiri ba."

Wallahi na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Washegari na kai wa Malam kuka. Ya yi salati, ya ɗauki murya a waya ya yi bayani dalla-dalla, cewa manhajar ta koyo ce, ɗalibarsa ce ta yi zanen, babu hannun kowace hukuma. Saƙon ya zagaya kamar yadda hoton ya zagaya. Kun san abin da aka ce? "Kun ji ko? Sun fara musu, don kada mu yi dashe su biya." A ranar aka ƙara sayen dashe a kasuwa. Duk musun da ka yi, sai ya zama shaida a kanka. Ban taɓa ganin rijiya irin wannan ba, wadda in ka yi yunƙurin fita sai ka ƙara nutsewa.

Kwanaki suna tafiya, ruwa yana sauka, gyaɗa kuwa ba ta jiran kowa. Buhun irin na dawo da shi gida, yana jingine a bayan ƙofa. Kullum da safe Inna za ta leƙa sama, ta dawo ta sa hannu a buhun ta damƙi gyaɗar ta sake ta. Na ce ta je ta yi wa Baffa magana da kanta, ai gonar 'ya'yanta ce. Ta ce, "Ke dai bi a hankali. Ƙanen ubanki ne, kuma shanun nasa ne." A hankali! Ana haƙa kabari a cikin abincinmu, wai a hankali.

Sai na yi dabara. Na ce tunda ba sa jin baki, bari idonsu ya gani. Na roƙi Malam ya ara mini kwamfutarsa ta hannu. Ya ba ni yana cewa in riƙe ta kamar ƙwai. Na tafi Bauranya, na sa aka tara dattawa a zauren Baffa, har da mai unguwa da liman. Na durƙusa na gaishe su kamar mutuniyar kirki, na buɗe na'urar na juya musu fuskarta. Na danna, ɗan jirgin ya taso daga Kankiya yana rarrafe a kan layi, ya zo gindin tsamiya ya tsaya. Zaure ya ɗauki kabbara. Wani har da matsowa da gwiwa.

Na ce, "To, iyayena, yanzu ku duba da kyau."

Na ɗora yatsa a kan tashar, na ja ta. Layin ya lanƙwasa ya bi ta kamar igiyar guga. Na kai ta wajen Kunduru na saki. Na sake danna jirgi, ya wuce Bauranya ko waiwaye bai yi ba.

"Kun gani? Abin da yarinya kamata za ta ja da ɗan yatsa, shi ne aikin gwamnati? Don Allah ku bar mu mu yi shuka."

Dattawa suka dubi juna. Na ce a raina, alhamdu lillahi, yau dai an gama. Sai wani tsoho da ke jingine da bango ya gyara zama, ya ce a hankali, "Ashe a hannunta abin yake."

Baffa ya zabura ya miƙe, hularsa ta faɗi. "Maida ta! Maida ta inda take! Gonar ubanki kika ɗauke wa tasha kika kai wa mutanen Kunduru? Mi suka ba ki?"

Ban san sanda na rufe kwamfutar na fita ba. Ko takalmina sai a ƙofar gida na gane a hannu na riƙe shi.

Daga ranar gidanmu na Kusada ya koma kamar gidan mai magani. Sallama ba ta yankewa. Wannan ya zo da ƙwan zabi, wancan da kaza a hammata, wata da ƙwaryar nono. Mutanen da shekaranjiya ko gaisuwata ba sa amsawa da kyau, yau "Hajiya Injiniya" suke ce mini. Wani yana so in matso da tasha kusa da filinsa, wani yana so in lanƙwasa layi ya shafi gefen garkarsa ko kaɗan ne. Na ji labarin a Kunduru ma an fara haƙa ramuka. Duk wanda ya zo in kore shi da kayansa, in ce babu jirgi, ya fita yana cewa, "Aradu yarinyar nan ta iya ciniki."

Wadda ta karya ni wata tsohuwa ce daga Kunduru. Ita ba diyya ta kawo ta ba. Ta zauna a bakin ƙofar Inna, ta kwance bakin zane ta fito da ɗan ƙullin daddawa ta ajiye a gabana. An gaya mata sabon layin ta kan ɗakinta ya bi.

"Ɗiyata, ki matsa da shi ko kamu ɗaya ne. A ɗakin nan na haifi 'ya'yana duka, a nan maigidana ya cika. Tun da aka faɗa mini abinci ya ƙi shiga."

Na riƙe hannunta. "Iya, wallahi tallahi babu jirgi. Wasa ne."

"Na sani, ɗiyata, na sani. Amma dai ki matsa da shi."

A nan na gane wannan zane ba zai bar kowa ya zauna lafiya ba muddin yana nan. Duk inda na ajiye shi, wani zai haƙa gonarsa, wata ta kasa cin abinci. Na aika Bauranya cewa duk mai magana da ni ya same ni gobe a gindin tsamiya.

Sun zo kuwa, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Baffa yana gaba, fuskarsa a sake, ya ɗauka na zo maida tasha ne. Na ɗora kwamfutar a kan katangarsa da ba ta gama bushewa ba. Na zagaye layin duka, tashoshi da reshe da jirage, daga Sukuntuni har Kusada. Na danna sau ɗaya. Komai ya ɓace, jadawalin da na sha wahala a kansa ya koma fari fat. Abin da ya rage hoton ƙasa ne kawai, tsohon hoto, gonaki shimfiɗe yadda Allah ya yi su, tamu ba rami ba katanga.

Na ce, "Ga abin da ke akwai. Gona. Dama ita kaɗai ce."

Baffa ya sunkuya ya leƙa, ya leƙa ta gefe kamar layin zai ɓuya a bayan gilashin. "Kin goge?"

"Na goge, Baffa, don dama babu wani..."

Ba wanda ya ji ƙarshen maganar. "Ta goge jirgi! Ta goge jirgi!" Wuri ya kaure. Wani ya ce Allah ya isa, wani ya ce baƙin ciki ne irin na mata, wani ya ce dama boko ba ya barin yarinya da kunya. Baffa ya nuna ni da yatsa. Ranar babu Uwata.

"Ke 'yar nan, kin tsiyata gari guda. Daga yau ba ni ba gonarku. Ki sa kwamfutar ta yi maki huɗa."

Na san ya kamata in yi shiru. Ban yi ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Na ce, "Gara ita, Baffa. Ita ba ta haƙa rami a gonar marayu."

Ba don liman ya shiga tsakani ba, da ban san inda abin zai tsaya ba.

An bar mana gonarmu, amma a makare. Masu hankalin da ba su biye wa hoton waya ba, gyaɗarsu ta riga ta rufe ƙasa. Ruwa mai ƙarfi ya zo ya kwantar da katangar Baffa, ɗakunan suka narke suka koma tudun laka. Ni da Inna da ƙannena muka ɗauki fartanya da kwanon sarki muka yi ta cike rami, muka tumɓuke dashen da awaki suka rage, muka samu muka jefa wake a inda ya shuku. Waken ya ɗan yi, amma wake ba ya mai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba zagin ba ne. Wata safiya ce na fito na tarar Inna ta jawo buhun nan daga bayan ƙofa, ta ɗora kasko a wuta. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta soya iri ba. Na ce, "Inna, irin ne fa." Ba ta dube ni ba, ta ci gaba da juyawa. Ta ce, "Iri ne. Amma ciki bai san iri ba." Shekarar nan gyaɗar wasu matan ta yi ta matsewa ana biyan ta, har yatsunta suka kumbura.

Ba wanda ya zo ya ce mana ku yi haƙuri. Ko mutum ɗaya. Tsohuwar Kunduru ce kaɗai ta aiko mini da garin kuka, wai tana godiya na ceci ɗakinta. Ka ji fa. Masu zagina da mai gode mini, duk ƙarya ɗaya suka yarda da ita.

Abin da na koya shi ne, takarda mai launi ta fi bakin mai ita ƙarfi, balle idan mai ita mace ce, balle kuma idan kwaɗayi ya riga ya toshe kunnen mai kallo. Manhajar nan ba ta yi ƙarya ba, aikinta ke nan, ta nuna maka abin da babu kamar akwai don ka yi tunani kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya. Amma mutumin da bai taɓa ganin gonarsa daga sama ba sai ranar da ya gan ta da jan layi a kai, ba tunani zai yi ba, fartanya zai ɗauka. Wannan na sani yanzu, kuma ban ƙara barin zanena ya kwana a bangon kowa ba.

Gonar tana hannunmu tun daga lokacin. Ni nake neman mai huɗa, ni nake tsayawa a kansa, tukunyar iri ta koma inda take. Mangwaro ɗaya ya tsira a kan iyaka, na bar shi, kuma mutanen Bauranya yanzu Tasha suke kiran wurin, wasu da tsokana, wasu da jin haushi. Su yi ta kira. Ni dai na yanke shawara: bana idan an cire gyaɗa zan koma makaranta, in karanci tsara sufuri yadda ya kamata. Tunda sun ce ni na goge jirgi, zan je in koyi yadda ake zana na gaske. Ranar da aka zo yi wa mutanenmu bayanin layi, ni zan tsaya a gindin tsamiyar nan in yi shi da bakina, kuma wannan karon sai an saurare ni har ƙarshen magana. Baffa kuwa, ko dalbejiya ɗaya ya dasa, da hannuna zan tumɓuke ta.